Ƙugin da ke Ƙarƙashin Muryar Baba

Asabar, bayan azahar

Yaya ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta lambar duk maganar da muka ɗauka don kada su cakuɗe. Shafukan gaba na lambobi ne. Nan baya nawa ne, ba ruwan kowa.

Jiya suka dawo daga asibiti. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da likita ya faɗa. Na dai ga Inna tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Alhamis ta uku daga yau za a yi wa Baba aiki a maƙogwaro, abin da na tsinta ke nan. Bayan ranar Baba zai ci, zai sha, zai taka ƙafarsa in Allah ya yarda. Magana ce dai ba zai sake yi ba.

Wata ma'aikaciya can ta ce wa Yaya a ɗauki muryarsa tun yanzu, maganganun yau da gobe, a zuba masa a waya, in yana son ya faɗi abu sai ya danna. Mutumin da ya shekara talatin yana kiran fasinja a tasha, wanda in ya buɗe baki masu shago a bayan kasuwa ke ɗaga kai, wai shi zai koma danna waya. Ya ce to. To kawai.

Mun gwada da wayar Yaya. Da Baba ya saurara ya ce, "Wannan ai wani bawan Allah ne ya faɗa rijiya." Don haka gobe zan karɓo aron makirfo, mu jona da kwamfutar da Yaya ke buga wa mutane takardu.

Ban tsokani kowa ba yau.

Lahadi, hantsi

Na je rumfar Kawu Mai rediyo. Ba kawunmu ba ne na jini, abokin Baba ne tun suna samari. Ya naɗo makirfon a tsumma kamar jariri.

"In ka yi masa kukan akuya zan sani."

"Haba Kawu, ni?"

"Kai ɗin. Wa ya sa mini ƙadangare a akwatin sukurori?"

Na jira sauran faɗan, bai zo ba. Ya dube ni, ya ce in gai da abokinsa.

Lahadi, bayan la'asar

Mun rubuta jerin. Baba na faɗa, ina rubutawa, Yaya na gyara mini baƙaƙen boko, tunda ni a waya na koye su ba a aji ba. Ɗaya, sallama. Biyu, shigo. Uku, lafiya lau. Huɗu, kawo ruwa. Biyar, wa ya bar ƙofa a buɗe. Haka har muka zo sha bakwai: "Kai Auta, Allah ya shirye ka." Yaya ta ce wannan a yi masa guda uku, don wurin dannawar zai riga sauran sudewa. Aka yi dariya. Ni ma na yi, na ji ta kamar daga ɗakin maƙwabta take fitowa.

Ashirin da uku ya ce a sa "Saura mutum ɗaya."

Inna ta ce, "Baban yara, wace mota za ka cika a tsakar gida?"

"A dai saka."

Na saka.

Litinin, bayan azahar

Talatin da ɗaya yau. Muryar a cike take, da ya yi ta ashirin da uku sai da gilashin taga ya amsa. Mai walda na jikin katangarmu ya leƙo ya tambaya ko tasha ta dawo layinmu.

Mun saurara ta 'yar lasifikar kwamfutar, tas. Baba ya ce yauwa, wannan shi ne.

Kwamfutar ta ciji Yaya yau ma. Wata huɗu ke nan in ta ɗora wuyan hannu a kan ƙarfen ba takalmi a ƙafarta sai ta ji tsir, ta zabura tana cewa akwai aljani a ciki. Da har ƙasa nake faɗuwa don dariya. Yau na dubi bango.

Talata, yamma

Sittin da biyu.

Laraba, bayan la'asar

Mun kai casa'in da huɗu. Sai Yaya ta ce bari ta ji da babban abin kunne da ta aro wurin ƙawarta. Ta sa. Ta cire. Ta sake sawa. Ta miƙo mini.

Zuuu.

Wata ƙara ce ƙarƙashin kowace kalma. Kamar an bar babbar mota a kunne a bayan katanga, direba ya tafi cin abinci. Kafin Baba ya buɗe baki tana nan, ya rufe tana nan. 'Yar lasifikar kwamfuta ba ta iya fitar da ita shi ya sa ba mu ji ba. Muka jona rediyon falo, nan ma zuuu, har ta fi. Na buɗe ta ɗaya, na buɗe ta hamsin, na buɗe ta casa'in da huɗu.

Baba ya sa abin a kunne, ya daɗe. Ya ce, "A sake. Ba zan bar muku injin niƙa ba."

Alhamis, da safe

Saura Alhamis biyu.

Juma'a, ƙarfe huɗu

Ni da Yaya muka je rumfar Kawu da muryar a waya. Ya saurara ido a rufe. Ya ce makirfonsa lafiyarsa lau, wannan dattin wuta ne. Wai wutar da ke shigowa ta caja ba tsabtatacciya ba ce, makirfo kuma ba ya zaɓe, duk abin da ya bi waya kwashewa yake. Ya lissafa mana da yatsu. A raba wayar makirfo da ta wuta, kada su kwanta tare. A kashe firji da fanka da doguwar fitila lokacin ɗauka. A canza soket ɗin bango. Ya ba mu wani baƙin zobe mai nauyi ya ce a zura wayar caja a ciki sau uku. In duk bai yi ba a zare cajar gaba ɗaya a yi da batir.

Muna tashi ya ce, "Af, filogin cajar ƙafa nawa ne?"

Na ce uku.

Da sauri na faɗa. Yaya ta ce ai Auta ne ma ya naɗe shi da baƙin salatif a jikin doguwar soket tun da ya fara rawa. Kawu ya ce to in uku ne a bar wannan.

Juma'a, bayan magariba

Ƙaramar aba ce. Ko wuta ba ta ɗauka. Wata huɗu kwamfuta na aikinta lafiya.

Asabar, hantsi

Mun kashe firji. Zuuu. Mun kashe fanka, Baba na zufa har haɓa. Zuuu. Na rataye wayar makirfo a ƙusar kalanda, ta wuta a ƙasa, tsakaninsu ya fi kamu huɗu. Ta ɗan sauka, kamar motar ta matsa gida na gaba, amma tana nan. Zoben Kawu ya kashe wani siririn tsiii da ban ma lura da shi ba sai da ya tafi. Babbar ba ta ko motsa ba.

Na kai doguwar soket ɗakin Inna, na kai ta kicin, na dawo da ita. Salatif ɗin ban taɓa ba. Ba wanda ya ce in taɓa.

Asabar, bayan la'asar

Yaya ta zare caja. Na sa abin kunne na ɗauka ya lalace, don ba komai. Sai na ji Baba ya haɗiye yawu. Na ji agogon hannunsa. Na ji tsintsiyar Inna a can ƙofar banɗaki.

Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi, fara."

Mun yi tara, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Batirin tsoho ne. Na duba agogo, minti sha ɗaya.

Lahadi, azahar

Ga yadda abin yake yanzu. Caji awa biyu, in akwai wuta. Ɗauka minti sha ɗaya. A ciki kwamfuta na cinye biyu tana tashi daga barci, tari na cin uku.

Likita ya ce ya rage magana, saboda haka Baba ya daina yi mana ita sai a gaban makirfo. Da hannu yake neman ruwa, sannan a zaunar da shi ya ce "kawo ruwa" sau huɗu ba ƙishi.

Na je na roƙi Mai walda ya riƙa tsayawa in na buga katanga sau biyu. Ya ɗage gilashin fuskarsa.

"Wace tsiyar ka shirya kuma? Wancan karon da ka ce ana kirana a bakin titi, wa na tarar?"

Na ce ba tsiya ba ce, na gaya masa. Ya sauke gilashin, ya sake ɗagewa. Ya ce ko sau ɗaya na buga ya isa.

Litinin, yamma

Ba wuta tun asuba. Ba mu ɗauki komai ba. Baba ya zauna gaban makirfon da ba ya aiki har la'asar, da wankakkiyar riga.

Talata, bayan azahar

Zama biyu, goma sha huɗu. Muryar ta fara yashi. In ya ja doguwar kalma sai ta tsage a tsakiya kamar tsohon zane. Ya maimaita "Allah ya yi muku albarka" sau shida, ya ce in ajiye ta biyu. Duk ɗaya na ji su.

Na ce mu yi ashirin da uku tun da sauran ƙarfi. Ya ce a bari sai ranar da ya tashi da murya.

Ban tsokani kowa ba. Kyanwar gidan ma ta zo ta kwanta a kan takalmina, ta san ba abin da zai same ta.

Laraba, hantsi

Yaya ta samo wata dabara a kwamfuta, wai tana tsame ƙara daga murya. Ta gwada a kan na farko, masu ƙarfin. Ƙugin ya tafi. Amma ya tafi da ƙirjin Baba. Abin da ya rage wani siririn mutum ne yana magana ta hanci cikin gwangwani. Ta rage dabarar, ƙugi ya dawo. Ta ƙara, Baba ya tafi. Ta ce wurin zamansu ɗaya, can ƙasa-ƙasa, ba a ɗaga ɗaya a bar ɗaya.

A makaranta in tawada ta zube a allo wankewa ake a sake rubutu. Na faɗa mata haka, ban san dalili ba. Ta ce, "To Malam, ina za mu samo sabon allon?"

Kwamfutar ta cije ta tana cikin maganar. Ba ta ko zabura ba, ta goge hannun a zane ta ci gaba.

Alhamis, da safe

Saura ɗaya.

Kurtun tawadata na kan taga inda yake. Na ɗaga shi na girgiza. Tana ciki.

Juma'a, bayan la'asar

Baba na barci. Yaya ta ja ni soro ta yi ƙasa da murya.

"Kai da ka iya muryarsa. Sau nawa ka tashe ni buɗe ƙofa da ita? Waɗanda ba za su samu ba ka cike, wa zai sani?"

Na ce shi zai sani.

"Gwada dai."

Ta koma ciki. Na zare caja, na zauna a kujerarsa, na cika ƙirji yadda nake yi, na ce wa ya bar ƙofa a buɗe. Ta fito daidai. Ta fi daidai, ta fito kamar ta bara.

Sai ga Inna a guje daga kicin, hannu duk kumfa, tana cewa "Baban yara?" Fuskarta a buɗe. Ta gan ni a kujerar. Ta tsaya. Kumfar na ɗiga a tabarma. Ta juya ta koma.

Na goge. Yaya ba ta sake tayar da zancen ba.

Asabar, azahar

Zama uku, takwas kacal. Sauran lokacin tari.

Na tsuguna gaban doguwar soket na sa farce a bakin salatif ɗin. Yaya ta shigo neman almakashi. Na ce ƙura nake gogewa.

Lahadi

Ba komai.

Litinin, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi.

Kawu Mai rediyo ya zo gaida Baba da hantsi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Suka gaisa, shi da baki, Baba da hannu. Ya ce bari ya ga yadda muka jera kayan. Ya dafa kwamfutar, tana kan caji. Ya fizge hannu.

"Tun yaushe take cizo?"

Yaya ta ce wata huɗu, ai aljani ne da ita.

Bai yi dariya ba. Ya bi wayar da hannu har ƙasa, ya tsuguna, ya fara warware salatif. Na naɗa shi da yawa, ya ɗau lokaci.  Ya zaro filogin ya ɗaga. Ƙafa biyu, da ɗan kututture inda ta ukun take.

Ya ce wannan ta ukun ita ke kwashe dattin wuta ta kai ƙasa. In babu ita dattin sai ya tsaya a jikin ƙarfe yana neman hanya. Ya samu hannun mutum ya ciza, ya samu wayar makirfo ya bi. Cizon da ƙugin abu ɗaya ne.

Yaya ta ce to ya aka yi ta karye.

Kawu bai dube ta ba, ni ya duba. Don shi ya gaya mini, wata huɗu da suka wuce, ina zaune a rumfarsa ina hana shi aiki, wai na'ura in ba ƙafa ta uku cizo take kamar kwikwiyo. Da wasa ya faɗa. Na dawo gida na ari filayar Mai walda na karya ta, don kwamfutar ta riƙa cizon Yaya.

Na tashi na ɗauko kurtun, na juye shi a tafin hannuna. Ta faɗo, baƙa wuluk da busasshiyar tawada.

Yaya ta ce, "Ranar Juma'a ya tambaye ka."

Na ce e.

"A gabana. Ka ce uku."

Na ce e.

Ta ƙirga da yatsu, a hankali, kowa na kallo. "Kwana goma, Auta. Yana da murya a lokacin."

Inna ta ce Yaya ta yi shiru. Ba ta yi ba. Ta faɗi abubuwa, duk gaskiya ne, ba sai na rubuta ba.

Baba ya miƙo hannu. Na ɗauka mari ne, har na ji sanyi a raina. Tafin ya buɗe. Na sa masa ƙafar a ciki, ya rufe, ya sa a aljihu.  Kalmominsa ƙidayayyu ne yanzu, bai kashe ko ɗaya a kaina ba.

Kawu ya yanke tsohon filogin, ya fiddo sabo daga jakarsa, ya feƙe wayoyi uku ya ɗaure kowace a gidanta. Ya jona. Ya sa abin kunne, ya miƙa wa Yaya. Ga caja a jiki, ga firji na aiki, shiru kamar cikin tulu.

Na duba agogo. Minti biyar ya ɗauka.

Talata, azahar

Yanzu za mu iya ɗauka daga safe har yamma ba tsayawa. Tsabta kamar ruwan sama. Ana jin komai. Ana jin iskar na wucewa ta inda murya take da.

Mun ci gaba da cike jerin da raɗa. Lafiya lau da raɗa. Wa ya bar ƙofa a buɗe da raɗa, ko kyanwa ba za ta tsorata ba.

Yaya ce ke danna kwamfutar. Ni lambobi kawai nake rubutawa. In tana son lamba sai ta ce wa bango "nawa?", bango ya amsa da bakina.

A soro na ci abinci. Ba wanda ya kore ni. Ba wanda ya kira ni.

Laraba, bayan la'asar

Baba na bin jerin da yatsa. Da ya zo sha bakwai yatsan ya tsallake zuwa sha takwas. Na rubuta sha takwas.

Ashirin da uku ya gyara zama, ya dafa gwiwoyi, ya cika ƙirji. Iska ta fito. Ya sake. Ya sake. Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. A na huɗu ya ɗaga hannu kamar yana sallamar mota, ya jingina.

Daga nan ya nuna mu, ya nuna ƙofa, ya nuna Inna ya nuna tabarma. Yaya ta danna ɗauka muka fita. Muka tsaya a tsakar gida, ita tana kallon igiyar shanya, ni ina kallon rariya. Na buga katanga sau ɗaya, Mai walda ya tsaya. Sun kai rabin awa. Wannan ba ta da lamba a littafin, kuma ba mu saurara ba.

Alhamis, hantsi

Sun tafi asibiti da asuba. Ni aka bar wa gida.

Alhamis, magariba

Yaya ta turo saƙo wayar Mai walda, ba tawa ba. An fito. Yana numfashi.

Juma'a

Na share ɗakuna. Na mayar wa Kawu makirfo. Ya ce in zauna, na ce akwai wanki.

Lahadi, azahar

Na kunna kwamfutar na dafa ƙarfen ba takalmi. Ba ta cizo.

Na buɗe na farkon, casa'in da huɗun nan. Yaya ta ce a goge su tun ranar Talata, ban goge ba, ita ma ba ta goge ba. Na saurari ta biyar har sau ban san nawa ba. In ka daɗe kana ji sai ka daina jin Baba, ƙugin kaɗai kake ji.

Talata, yamma

Na zuba masu tsabtar a tsohuwar wayar Inna, kowace da lambarta, yadda ma'aikaciyar ta ce. Sha bakwai babu. Ashirin da uku babu. Daga sha shida sai sha takwas.

Na wanke tsohon allona na makaranta, na goge shi da farar ƙasa ya bushe. Baba ba ya rubutun boko, amma hannunsa ya san na allo. Na feƙe alƙalami biyu, na jiƙa tawada.

Ban tsokani kowa ba. Ba kowa ma.

Asabar, bayan la'asar

Sun dawo. Ya rame. Akwai farin ƙyalle a wuyansa, ban kalli ƙasansa ba. Na tsuguna na gaishe shi, ya dafa kaina ya ɗauke hannu, irin dafawar da yake wa 'ya'yan maƙwabta.

Maƙwabta sun cika falo. Ya danna uku, lafiya lau. Wayar ta yi raɗa. Wata tsohuwa ta ce "Me ya ce?" Ya sake dannawa. Ta ce "Iye?" Ya kifa wayar a cinya.

Allon ya karɓa.

Lahadi

Soro.

Litinin, azahar

Da hantsi na ga ya yi rubutu a allo ya nuna wa Yaya. Ita ba ta iya karanta na allo sosai, amma ba ta kira ni ba, ta kai wa Inna suka haɗa kai suna harhaɗawa. Na ji Yaya ta ce, "Baba, ai duk da ƙarar suke." Na ji an ƙwanƙwasa allon da yatsa sau biyu. Ta ɗauki wayar ta shiga wurin kwamfuta ta rufe ƙofa.

Na fita. Na dawo. Na zauna a dakalin soro. Na ji ana jera kwanuka a ciki, ina jira Inna ta miƙo nawa ta bayan labule kamar kullum. Ba ta miƙo ba.

Sai na ji zuuu.

Na san ta. Da rediyon falo suka jona, an ƙure shi. Daƙiƙa ɗaya ita kaɗai, motar nan a kunne a bayan katanga. Sannan gilashin taga ya amsa.

"Saura mutum ɗaya!"

Mai walda ya kashe wutarsa. Wata mata mai wucewa da kaya a ka ta tsaya ta waiga.

Ban motsa ba. 

Zuuu. "Saura mutum ɗaya!"

Mai walda ya leƙo ta kan katanga, gilashi a goshi. "Kai, ba ka ji ba? Za su tashi su bar ka."

Zuuu. "Kai Auta, Allah ya shirye ka!"

Na shiga. Suna zaune su uku a tabarma. Inna na zuba ruwa a kofin da ya riga ya cika. Yaya ba ta dube ni ba, amma ta janye ƙafarta. Baba ya nuna mini gefensa, daidai wani ɗan lanƙwashin tabarma, ya daki wurin da tafi. Fuskarsa ba komai.

Na zauna da dukkan nauyina.

Na yi tsalle har na ture kofin. Wani abu ne a tsaye ƙarƙashin tabarmar, an kafa shi a tsagin siminti. Na ɗaga. Ƙafa ta uku, an wanke tawadar, tana ƙyalli.

Yaya ta toshe baki da mayafi, ya ƙi toshuwa. Inna na cewa "Baban yara, ɗinkin, ɗinkin!" Shi kuwa ya dafe ƙyallen wuyansa da hannu ɗaya, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba, ba sauti ko kaɗan. Da ɗaya hannun yana laluben waya.

Zuuu. Sha bakwai.

Har yanzu wurin na yi mini zafi. A gefe ɗaya nake zaune ina rubutun nan.